Balaguron ƙasaita cikin ayari da jagora: Shin ya dace da iyalin da ke da 'ya'ya matasa?

Da zarar dogon hutun makarantu ya gabato, kamfanonin shirya tafiye-tafiye kan cika shafukan sada zumunta da tallan balaguron da suka ce an gama tsara komai nasa: otal mai tauraro biyar, motar safa mai sanyaya ciki, jagoran da ya san kan gari, da shiga wuraren tarihi ba tare da bin layi ba. Uban da bai taɓa zuwa Turai ba, ko uwar da ke fargabar ɓacewa da yara a baƙon birni, dole wannan tayi ya burge su.

Sai dai akasarin waɗannan tafiye-tafiye an tsara su ne domin dattawa, musamman waɗanda suka yi ritaya. Yaro ko yarinya mai shekara 13 zuwa 19 na iya jin daɗinsu, amma hakan ya dogara da abubuwa uku: irin ayarin da aka shiga, halin matashin, da kuma ko an shawarce shi kafin a biya kuɗi. Iyalin da suka yi kuskure a nan kan yi asarar miliyoyin naira, su kuma dawo gida da ɓacin rai.

Mene ne balaguron ayari mai jagora?

Tafiya ce da kamfani ke tsarawa tun daga farko har ƙarshe, sannan ya sayar da kujerunta ga mutanen da ba su san juna ba. Ranar tashi, masauki, wuraren ziyara da yawancin abinci duk an ƙayyade su tun kafin a buɗe rajista. Akwai shugaban ayari da ke tare da matafiya dare da rana, kuma a kowane gari akan ɗauki jagora ɗan ƙasa da zai yi bayanin wuraren tarihi.

Abin da ya bambanta ajin ƙasaita da na gama-gari shi ne yawan mutane da ingancin hidima. Ayarin gama-gari kan cika mota da mutum 40 zuwa 50. Na ƙasaita kan rage adadin, wani lokaci zuwa ƙasa da mutum 20, ya sauke baƙi a manyan otal-otal na tsakiyar gari, ya ɗauke musu ɗawainiyar kaya, har ma ya nema musu izinin shiga gidan tarihi kafin a buɗe wa jama'a ko bayan an rufe.

Daga cikin sanannun kamfanonin wannan aji akwai Tauck na Amurka, wanda ya fara a 1925, da Abercrombie & Kent, wanda Geoffrey Kent da iyayensa suka kafa a Kenya a 1962, sai Insight Vacations da Luxury Gold.

Daga ina tsarin ya samo asali?

Ana danganta shi da Thomas Cook, wani Bature ɗan Ingila mai wa'azin ƙaurace wa barasa. A ranar 5 ga Yuli, 1841, ya shirya wa kimanin mutum 500 tafiyar jirgin ƙasa daga Leicester zuwa Loughborough domin halartar taron masu yaƙi da shan giya, kowa ya biya sule ɗaya. A 1855 ya ƙetara da ayari zuwa sauran ƙasashen Turai, a 1869 ya kai matafiya Kogin Nilu a Masar, a 1872 kuma ya jagoranci zagayen duniya.

Tsarin ba baƙo ba ne ga Musulmi. Tsakanin 1886 da 1893, gwamnatin mulkin mallakar Birtaniya a Indiya ta damƙa wa kamfanin Cook jigilar maniyyata aikin Hajji. A yau ma duk iyalin da suka taɓa zuwa Umra ta hannun kamfanin jirgin yawo sun ɗanɗana irinsa: masauki ɗaya, mota ɗaya, jagora ɗaya, da lokacin da dole kowa ya hallara. Bambancin shi ne, a Umra manufa ɗaya ce ta haɗa dattijo da saurayi. A yawon buɗe ido kuwa, abin da ke ƙayatar da ɗan shekara 65 ba lallai ya ƙayatar da ɗan shekara 15 ba.

Yadda yini ke kasancewa

A ranar da za a sauya gari, akan buƙaci matafiya su fito da akwatunansu bakin ƙofa da sassafe, su karya kumallo, mota ta tashi wajen ƙarfe takwas. Daga nan sai tafiyar sa'o'i, ziyarar gidan tarihi ko tsohuwar majami'a, cin abincin rana, wata ziyarar, sannan a isa sabon otal da yamma. Abincin dare na ayari kan ɗauki sa'a biyu ko fiye, ana kawo shi kashi-kashi.

Ko hutun da ake yi a hanya doka ce ta tsara shi. Dokar Tarayyar Turai ta 2006 ta wajabta wa direban safa hutun minti 45 bayan tuƙin sa'a huɗu da rabi, ta kuma iyakance tuƙinsa ga sa'a tara a yini, sai sau biyu a mako da zai iya kaiwa goma. Saboda haka shugaban ayari ba shi da sararin jiran wanda ya makara, domin jinkirin mutum ɗaya na iya rusa jadawalin yinin gaba ɗaya, musamman a wuraren da tikiti ke ɗauke da lokacin shiga, irin su fadar Alhambra da ke Granada a Sifaniya.

Wasu ziyarce-ziyarcen sun fi haka tsanani. Mai zuwa haikalin Abu Simbel ta mota daga Aswan a kudancin Masar zai ci kusan kilomita 280, kuma akan tashi tun kafin asuba domin gudun zafin rana.

Batun barci ba lalaci ba ne

Iyaye da yawa kan ɗauki nauyin barcin matashi a matsayin ragwanci, alhali akwai dalilin halitta a ciki. Da shigowar balaga, jiki kan jinkirta sakin sinadarin melatonin mai kawo barci, har matashi ya kasa runtsawa sai dare ya yi nisa. Ƙungiyar Likitocin Barci ta Amurka ta ba da shawarar sa'a 8 zuwa 10 na barci ga 'yan shekara 13 zuwa 18. A 2014 kuma Ƙungiyar Likitocin Yara ta ƙasar ta nemi kada makarantun sakandare su fara darasi kafin ƙarfe 8:30 na safe.

Jadawalin da ke tashin yaro ƙarfe shida na safe kwana goma a jere ya ci karo da wannan. Abin da kan biyo baya shi ne gyangyaɗi a mota daidai lokacin da ake ratsa wuraren da aka biya kuɗi domin gani, da saurin fushi, da cacar baki da iyaye a gaban baƙi.

Bambancin agogo na ƙara dagula lamarin. A lokacin dogon hutu, agogon Landan daidai yake da na Najeriya, na Faris kuma sa'a ɗaya ya ɗara. Amma tsakanin Najeriya da birnin New York akwai sa'a biyar, da Kuala Lumpur kuma sa'a bakwai.

Su wa za a tarar a cikin motar?

Wannan ita ce tambayar da ta fi kowace muhimmanci, kuma ita ce talla ba ya amsawa. Masu kuɗi da lokacin yin balaguron mako biyu mai tsada yawancinsu sun haura shekara 50. Matashin da ya shiga irin wannan ayari na iya zama shi kaɗai ne yaro cikin mutum 30, ba abokin hira, ba abokin wasa, sai wayarsa.

Su ma dattawan da suka biya kuɗinsu domin natsuwa ba duka ne ke maraba da yara ba. Shi ya sa kamfanoni suka raba kasuwar bisa shekaru. Saga na Birtaniya na 'yan shekara 50 zuwa sama ne. Viking, mai jiragen ruwan shaƙatawa a koguna da tekuna, ba ya ɗaukar wanda bai kai 18 ba. Contiki, wanda aka gina domin matasa, na 'yan 18 zuwa 35 ne, don haka ɗan shekara 16 ba shi da gurbi a can ma.

Giɓin da ke tsakani shi ya haifar da ayarin iyali. Tauck ya buɗe sashensa na iyali mai suna Tauck Bridges a 2003, kamfanin Disney kuma ya fara Adventures by Disney a 2005, inda jagorori biyu ke raka kowane ayari. A irin waɗannan, akan rage dogon bayani a ƙara aikin hannu da motsa jiki: koyon girki, hawan keke, tuƙa kwalekwale, da daren da yara ke cin abinci a gefe guda iyaye a gefe guda.

Duk da haka, ayarin iyali ma yana da nasa cikas. Idan yawancin yaran 'yan shekara takwas zuwa 12 ne, budurwa 'yar shekara 17 za ta ji an mayar da ita ƙaramar yarinya. Wasu kamfanoni, irin su Intrepid, na ware tafiye-tafiye na musamman ga iyalan da 'ya'yansu suka tasa. Kamfani mai gaskiya zai iya faɗa wa mai saye shekarun yaran da suka riga suka yi rajista a ranar da ya zaɓa, ba tare da bayyana sunayensu ba.

Lissafin kuɗi

Farashin ajin ƙasaita kan fara daga dala dubu kaɗan ga mutum ɗaya, ya haura dala dubu goma a wasu tafiye-tafiyen, kuma sau da yawa ban da tikitin jirgin sama. Ana lissafa shi ne bisa cewa mutum biyu za su kwana ɗaki ɗaya. Wanda zai kwana shi kaɗai sai ya biya ƙari.

Wannan ƙa'ida na da tasiri ga iyali. Ɗakunan otal a tsofaffin biranen Turai ƙanana ne, ba kasafai suke ɗaukar fiye da mutum uku ba. Iyayen da ke da saurayi da budurwa, waɗanda al'ada da addini suka hana a haɗa su ɗaki ɗaya, ko dai su kama ɗaki uku, ko uba ya kwana da ɗansa, uwa da 'yarta.

Rangwamen yara kuma yakan ƙare da wuri. A wajen kamfanonin jiragen sama, wanda ya cika shekara 12 kuɗin babba yake biya. Abin lura a nan shi ne, wasu wuraren da ke cikin ƙunshin farashin kyauta ne ga matashin da ya je da kansa. Gidan tarihi na Louvre a Faris ba ya karɓar kuɗin shiga daga wanda bai kai 18 ba, haka ma gidajen tarihin gwamnatin Italiya, sannan Gidan Tarihin Birtaniya da ke Landan kyauta ne ga kowa. Haka nan farashin kan haɗa da giyar da ake sha a abincin dare da ziyarar gonakin inabi, abin da yaro ba zai amfana da shi ba, iyali Musulmi kuma ba su da buƙatarsa.

Ga mai samun kuɗinsa da naira, nauyin ya ninka tun daga Yunin 2023, lokacin da aka bar kasuwa ta yi wa naira farashi. Dala ɗaya da ke kusan naira 460 a kasuwar gwamnati ta haura naira 1,500 a 2024. A matsayin misali kawai, idan kujera ɗaya dala 6,000 ce, iyali mai mutum biyar za su biya dala 30,000, wato naira miliyan 45 a kan canjin 1,500. Ma'aikacin da ke karɓar mafi ƙarancin albashi na naira 70,000, wanda aka sa wa hannu a Yulin 2024, sai ya yi aikin fiye da shekara 53 bai ci ko kwabo ba kafin ya tara wannan adadi.

Biza: inda shiri ke rushewa

An tsara waɗannan tafiye-tafiye ne da Ba'amurke ko ɗan Birtaniya a zuciya, waɗanda ke shiga yawancin ƙasashen Turai ba biza. Mai fasfon Najeriya ko Nijar kuwa sai ya nema, kuma kamfanin yawon buɗe ido ba shi da ikon ba da ita.

Bizar yankin Shengen, mai ƙasashe 29, ta koma yuro 90 tun daga Yunin 2024. 'Yan shekara shida zuwa 11 rabin haka suke biya, amma daga shekara 12 kuɗin babba ne a ƙa'ida, kuma daga wannan shekarar ake ɗaukar hoton yatsu. Kowane matafiyi na buƙatar inshorar lafiya ta aƙalla yuro 30,000. Idan uba ko uwa kaɗai za su tafi da yaron da bai kai 18 ba, ana neman takardar amincewar ɗayan. Idan tafiyar ta ƙunshi ƙasashe da yawa, ofishin jakadancin ƙasar da za a fi daɗewa a cikinta ake nema. Birtaniya ba ta cikin yankin, don haka ayarin da zai fara daga Landan ya ƙetara Faransa na buƙatar biza biyu.

Alƙaluman Hukumar Tarayyar Turai sun nuna cewa a 2023 da 2024 an ƙi amincewa da fiye da kashi 40 cikin 100 na buƙatun bizar Shengen da aka shigar a Najeriya, kuma ba a mayar da kuɗin nema. Haɗarin ya fi yawa ga iyali, domin ana iya ba wa iyaye a hana ɗa, musamman wanda ya gama sakandare bai samu gurbin jami'a ba, tunda ba shi da takardar makarantar da za ta nuna zai dawo. Kamfanoni kuma kan nemi cikon kuɗi wata biyu zuwa uku kafin tashi, sannan tarar soke tafiya na ƙaruwa yayin da rana ke matsowa. Ana iya shigar da neman bizar Shengen tun wata shida kafin tafiya, kuma wannan dama ce da ya kamata a yi amfani da ita kafin lokacin biyan cikon kuɗi.

Abinci, ibada da sutura

Ayari na cin abin da aka riga aka yi oda. Kamfanoni kan karɓi buƙatar abinci na musamman idan an sanar da su da wuri, amma a ƙauyukan Turai abin da hakan ke nufi shi ne kifi ko ganyayyaki, ba naman halal ba. Matashi mai yawan ci da zaɓen abinci zai ƙare da sayen ƙari daga aljihun iyaye.

Jadawalin ba ya ware lokacin salla ko Juma'a, kamar yadda ba ya ware lokacin zuwa coci ranar Lahadi. A Landan, a watan Yuli, rana ba ta faɗuwa sai wajen ƙarfe tara na dare. A tsohon masallacin Kurɗuba da ke Sifaniya, wanda yanzu majami'ar Katolika ce, ba a yarda Musulmi ya yi salla ba. A Fadar Fafaroma kuma ana buƙatar suturar da ta rufe kafaɗa da gwiwa. Waɗannan matsaloli na raguwa sosai a Turkiyya, Maroko, Masar da Malesiya.

Lokacin hutu shi ne lokacin zafi da tsada

Dogon hutun makarantun Najeriya, daga ƙarshen Yuli zuwa Satumba, ya yi daidai da lokacin da Turai ta fi cunkoso da tsada. Ɗaliban ajin ƙarshe kuma ba sa samun kansu sai sun gama jarrabawar WAEC da NECO. A Yulin 2023, tsananin zafi ya sa hukumomin Girka rufe dutsen tarihi na Akropolis da tsakar rana. A Luksor da Aswan zafi kan wuce maki 40 a ma'aunin Salshiyos a waɗannan watanni.

Gabashin Afirka kuwa ya fi dacewa da wannan lokaci. Daga Yuli zuwa Oktoba ne garkunan namun daji ke ƙaura zuwa gandun Masai Mara na Kenya, yanayi kuma ba zafi. Sai dai a nan ma akwai iyakar shekaru: Ruwanda da Yuganda ba sa barin wanda bai kai 15 ba ya shiga daji kallon goggon biri, kuma takardar izinin a Ruwanda dala 1,500 ce ga baƙon da ya fito daga wajen Afirka.

A ina tsarin ke da amfani?

Yana da amfani ga iyalin da za su fita waje karon farko, ko za su ƙasar da ba su jin harshenta. Yana da amfani idan tafiyar ta haɗa kakanni, iyaye da jikoki, domin ba wanda zai ɗauki nauyin neman mota da masauki. Haka nan a wuraren da zirga-zirga ke da wuya, kamar gandun daji ko Kogin Nilu. Idan yaro ya yi rashin lafiya ko fasfo ya ɓata, akwai wanda ya san asibiti da ofishin jakadanci.

Matashi mai son tarihi, wanda ya saba zama da manya, zai ƙaru da jagora masani fiye da yadda zai ƙaru da iyayensa su kaɗai. Sau da yawa kuma yaro kan saurari baƙo a kan abin da zai yi wa mahaifinsa gardama.

Ga iyali mai mutum biyar ko shida, akwai zaɓi na uku: ɗaukar jagora da mota na kansu. Idan aka raba kuɗin a kan yawansu, ba lallai ya zarce na ayari da yawa ba, kuma su ne za su yanke lokacin tashi da wurin tsayawa.

Idan kamfani ya durƙushe fa?

Daɗewar suna ba kariya ba ce. A ranar 23 ga Satumba, 2019, kamfanin Thomas Cook ya durƙushe bayan shekara 178, ya bar kimanin matafiya 600,000 a ƙasashen waje. Gwamnatin Birtaniya ta kwaso kusan 150,000 daga cikinsu.

A Birtaniya, tsarin ATOL na kare wanda ya sayi balaguro haɗe da tikitin jirgi. A Tarayyar Turai, dokar 2015 ta wajabta wa mai shirya balaguro tanadin mayar da kuɗi idan ya karye, ta kuma ba mai saye damar janyewa ba tara idan aka ƙara farashi da fiye da kashi takwas cikin 100. Wannan kariya ta dogara da inda aka ƙulla cinikin. Wanda ya biya ta hannun dillali a Kano ko Abuja ya kamata ya san da wa ya ƙulla yarjejeniya, dillalin ko kamfanin waje. Ya kuma bincika rajistar dillalin a Hukumar Rajistar Kamfanoni ta CAC, da kasancewarsa cikin ƙungiyar NANTA ta masu shirya tafiye-tafiye, da lasisin Hukumar Alhazai ta NAHCON idan tafiyar ta haɗa da Umra. Kuɗi kuma a asusun kamfani ake zuba su, ba na wani mutum ba.

Tambayoyin da ya kamata a yi kafin biyan kuɗi

1. Mene ne mafi ƙarancin shekarun da kamfanin ke karɓa, kuma matasa nawa ne suka yi rajista a wannan rana?
2. Otal nawa za a sauya? Kwana biyu ko uku a wuri ɗaya ya fi sauƙi a kan kwana ɗaiɗai.
3. Sa'a nawa za a yi a mota kowace rana, kuma sau nawa za a tashi kafin ƙarfe bakwai?
4. Akwai yini ko rabin yini da iyali za su fita su kaɗai? Za a iya barin ɗan shekara 16 a otal idan ya gaji?
5. Yaya za a raba ɗakuna, kuma za a samu masu ƙofa a tsakani?
6. Me farashin ya ƙunsa: tukwicin jagora da direba, abincin rana, ɗauko matafiya daga filin jirgi?
7. Idan aka hana mutum ɗaya biza, nawa za a mayar wa iyalin, kuma an rubuta hakan a yarjejeniya?
8. An nuna wa matashin jadawalin tafiyar, ya kuma zaɓi wani abu a ciki da kansa?

Duk amsar da dillali ya bayar da baki, a nemi ya rubuta ta a takarda ko ta imel kafin a tura kuɗin kafin alƙalami.